Wanda bai yarda da Allah ba, daga ina yake samo kirkinsa?

Direban Magarya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya, don Allah kada a ɗauke ta da wata manufa. Shekara bakwai na yi ina tuƙa motar wata ƙungiyar agaji tsakanin Damagaram da Magarya. Akwai wata likita Baturiya da na fi ɗauka. Duk wanda ya taɓa shiga gidan masu tamowa a watan Agusta da Satumba ya san yadda ake: rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sauro ya yi yawa, yara biyu uku a gado ɗaya. Matar nan na ga ta kwana uku ba ta koma masauki ba saboda ɗan wata Bafulatana da ko sunan rugarsu ba ta sani ba. Ranar da jini ya yanke, nata ta bayar. A hanya ba ta taɓa kai loma baki ba ta tambaye ni ko na ci ba, in lokacin salla ya yi ita ke cewa in tsaya.

Wani azumi na tambaye ta ko su ma suna da nasu azumin a coci. Ta ce ba ta zuwa coci. Na ce to wane addini kike yi? Ta ce babu. Ba ta yarda akwai Allah ba, ba ta yarda ana tashi bayan mutuwa ba. Wallahi sitiyari ya kusa kuɓuce mini.

Na daɗe da ajiye abin a raina. Jiya da dare ɗana da ke tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, ya dawo da darasin filo, wato falsafa, ya ce Baba, wanda bai yarda da Allah ba yana da abin da zai hana shi mugunta? Na buɗe baki in ce a'a, sai fuskar matar nan ta faɗo mini. Na ce masa sai gobe. Ga goben ta yi, ba ni da amsa.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam Baba. Ai amsar a fili take. Mota ce ba birki. Muddin hanya a miƙe take za ta tafi lafiya, ranar da ta iske gangara sai yadda hali ya yi. Ita wannan albashi mai tsoka take ɗauka, in ta koma ƙasarsu a yaba mata. Wanda ba ya tsoron kwanciyar kabari, me zai ji tsoro?

Direban Magarya: Ɗana, akwai waɗanda albashinsu ɗaya da nata, ƙarfe shida suke rataya jaka su ce in kai su gida. Ba kuɗi ba ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai ban yi lakwal mai zurfi ba, amma shekara 22 ina zaune a kasuwar Dole, kuma ina da littafin bashi. Wanda ya fi cin kuɗina a duniya sahun farko yake salla, goshi har ya yi baƙi. Da ya dafa Alƙur'ani ya ce zai biya bayan sallar layya, layya huɗu aka yi. Ban ce sallar ce ta sa shi ba, Allah ya tsare bakina. Amma Ɗan Zango, birkin nan da kake faɗi, da yawa suna da shi ba sa takawa.

Malam Na Birni: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Zango ka yi gaggawa. Yaron nan tambaya ɗaya ya yi, amma a cikinta akwai abin da ya shafi duniya, akwai abin da ya shafi lahira, kuma in aka cakuɗa su ba a fita.

Ko wanda bai yi imani ba yana iya aikata alheri na gaske? Wannan ba ya buƙatar gardama. Kafin a aiko Annabi (SAW), wani ɗan kasuwa daga Yaman ya kawo haja Makka, wani babba cikin Ƙuraishawa ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya fito bainar jama'a ya koka. Sai wasu dangogin Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka ƙulla alkawari ba za a zalunci kowa a Makka ba, ɗan gari ko baƙo, sai sun tsaya masa har a mayar masa da haƙƙinsa. Shi ake kira Hilful Fudul. Annabi yana saurayi ya halarta, kuma bayan annabta ya ce da za a kira shi zuwa ga irinsa a cikin Musulunci, da ya amsa.

To shi wannan ɗan Jud'an ɗin, Nana A'isha ta tambayi Annabi a kansa: yana sada zumunci, yana ciyar da miskinai, ko hakan zai amfane shi? Annabi ya ce a'a, domin bai taɓa roƙon Ubangijinsa ya gafarta masa kuskurensa ranar sakamako ba. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Ku lura, ba a ce alherin nasa ƙarya ba ne ko riya. An tabbatar masa da alherin, ladan lahira aka kore.

Inda likitar take samo nata kuwa, a wurina fiɗira ce, wato halin asali da Allah ya halicci mutum a kansa. Suratus Shamsi ta ce Allah ya kimsa wa rai fajircinsa da taƙawarsa. Wanda ya buɗe famfo a Garin Malam ya sha, sannan ya ce shi bai yarda akwai rijiyoyin Ganaram da ruwan ke fitowa daga cikinsu ba, musunsa ba zai hana ruwan kashe masa ƙishirwa ba. Haka kuma ba zai sa ya zama daga bango ruwan ya fito ba.

Ɗan Zango: Allah gafarta Malam, ai mutanen Makka sun san Allah, shirka suka yi. Wannan cewa take babu shi ɗungum.

Malam Na Birni: Gaskiyarka, da bambanci. Masu irin ra'ayinta su ne aka ambata a Suratul Jasiya aya ta 24, masu cewa rayuwar duniya ce kawai, zamani ke hallaka mu. Amma ka tuna hujjarka ita ce tsoron kabari. Mushirikan Makka tashin ƙiyama suke musu, Alƙur'ani cike yake da musunsu. Ba tsoron wuta ne ya tara su a gidan ɗan Jud'an ba.

Mushen Filo: Sannunku. Baba Direba, ba mamaki ɗanka ɗalibina ne ko na abokin aikina, domin makon nan muke babin ɗa'a a tarminal. Ni Musulmi ne, daga masallaci na fito yanzu, amma aikina ya wajabta mini in faɗi hujjar mutum yadda shi zai faɗe ta, ba yadda abokin gabansa zai faɗe ta ba.

Tambayar ta girme mu duka. Kimanin shekara 2400 da suka wuce Aflatun, masanin falsafa na ƙasar Girka, ya rubuta ta a bakin malaminsa Sukurat. In muka sa ta a harshenmu, ita ce: gaskiya tana da kyau ne don Allah ya yi umarni da ita, ko kuwa Allah ya yi umarni da ita ne don tana da kyau? In ka ɗauki ta farko, za a ce maka ashe da an yi umarni da cin amana da ya zama abu mai kyau. In ka ɗauki ta biyu, ka yarda kyawun yana nan hankali na iya riskarsa, kuma mulhidi, wato wanda bai yarda akwai Allah ba, shi ma yana da hankali. Malam ya fi ni sanin cewa malaman Musulunci sun kai ruwa rana a kan wannan. Mu'utazilawa suka ce hankali shi kaɗai yana gane kyakkyawa da mummuna. Ash'ariyya suka ce sai da wahayi. Imam Maturidi na Samarƙandi ya tsaya a tsakani.

Shi mulhidi in ka tambaye shi, ga abin da zai ce. Na san zafin yunwa a cikina, na san yaron can cikinsa irin nawa ne, ba ni da wani dalili na cewa yunwata ta fi tasa muhimmanci. Abin da ba na so a yi mini ba zan yi wa wani ba. Wannan ƙa'ida Konfushiyas ya koyar da ita a ƙasar Sin shekara 500 kafin Annabi Isa. Zai ƙara da cewa ɗan Adam bai iya rayuwa shi kaɗai, kuma garin da kowa ke ƙarya ba a ciniki a cikinsa, ba a aure, ba a ba da ajiya. Wasunsu suna kawo binciken dabbobi. A 2003 masu bincike biyu, Sarah Brosnan da Frans de Waal, sun gwada wasu ƙananan birai: biri ya miƙo tsakuwa a ba shi kokwamba, ya karɓa ya ci. Da ya ga ɗan uwansa ya yi aiki iri ɗaya an ba shi inabi, sai ya fara ƙin karɓar kokwambar. Suka ce ka ga tushen ƙin rashin adalci a cikin jini yake.

Malam Na Birni: Mushe, gyara kaɗan. Mu nan Ash'ariyya muka gada a aƙida, kuma Ash'ariyya ba su ce hankali bai san zalunci na da ɗaci ba. Abin da suka ce, hankali ba shi ke ɗora wa bawa wajibci mai lada da azaba ba. Shi ya sa Allah ya ce ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Batun birai kuwa ni bai tayar mini da hankali ba, wanda ya halicci mutum shi ya halicci biri. Amma ka duba da kyau. Birin da aka ba kokwamba ne ya yi fushi. Kukan an cuce ni kowa ya iya shi. Abin da muke nema shi ne mai inabi ya ce a'a, a ba ɗan uwana.

Mushen Filo: Na karɓi gyara, Allah gafarta. Kuma wurin da ka taɓa nan ne gyambon yake, su kansu sun sani. David Hume, a ƙarni na 18, shi da ba mai addini ba ne, ya nuna cewa daga "haka abu yake" ba a tsallakawa kai tsaye zuwa "haka ya kamata a yi". Ko an tabbatar tausayi a jininmu yake, ai son kai ma a jininmu yake. Wa ya ce a bi wannan a bar wancan? Wasu masanansu suna cewa kyau da muni gaskiya ce tabbatacciya kamar lissafi, ko akwai mai saka wa mutum ko babu. Wasu suna cewa yarjejeniya ce ta mutane. Ba su daidaita ba har yau. Abin da nake ƙi shi ne a ce ba su da komai. Suna da abin dafawa, gardamar ita ce ko zai ɗauki nauyin da aka aza masa.

Ƴar Jami'a: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni a Jami'ar André Salifou nake. Ina so mu dawo gida kaɗan. Wani Bature masanin Hausa, Kirk-Greene, ya yi nazari a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, aka buga a 1974. Ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kakata ta fito daga ƙauyen da a zamanin ƙuruciyarta akwai Azna, masu addinin gargajiya, kuma har ta rasu tana cewa in Ba'azne ya ce maka gobe, to gobe ce. Su ba wuta da aljanna aka tsorata su da su ba. Kunya ce. Kada a ce ɗan gidan wane ya yi kaza.

Malam Na Birni: Ɗiyata, Azna ba mulhidai ba ne. Sun san akwai Ubangiji, suna tsoron iskoki, suna tsoron rantsuwa ta ci su. Sannan ki sake karanta jerin naki. Amana, ladabi, hikima, adalci, karamci, har hankali, duk daga Larabci suka shigo bakinmu. Kirkin Bahaushe da Musulunci sun daɗe da zama gari ɗaya.

Ƴar Jami'a: Haka ne Baba Malam. Amma gaskiya da kunya da mutunci namu ne, ba aro ba ne. Kafin kalmar amana ta zo, ba na jin kakanninmu cinye ajiya suke yi.

Hajiya Mai Atamfa: Kunya kam tana aiki, amma a inda aka san ka. Yaran da ke tafiya Agadas da Libiya, wasu da sun wuce Tanut sai ka ji labarin da ba ka zata ba. Kunya ba ta da guzuri mai nisa.

Ɗan Zango: Yauwa Hajiya. Kuma tunda ana maganar tarihi, a faɗa mana waɗanda suka kori Allah daga mulki me suka yi. Sitalin a Rasha miliyoyi ya hallaka. Pol Pot a Kambodiya daga 1975 zuwa 1979 ya mai da ƙasa maƙabarta. Ga abin da rashin addini ke haifarwa.

Ƴar Jami'a: Yaya, in lissafin gawa za a yi ba wanda zai fita da farar riga. Waɗanda suka kori mutanen Boso da ƙauyukan Diffa daga gidajensu, da kabbara suke shiga gari. Kuma ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ba a Rasha aka yi ta ba, a garin nan Damagaram aka yi. Daga masallaci aka fito aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa da ɗakin karatunta, aka rasa rayuka.

Ɗan Zango: Ke yanzu Musulmi kike haɗawa da Boko Haram? Annabinmu aka zaga da zane a jaridar can ta Faransa, kin manta?

Ƴar Jami'a: Ban manta ba, kuma ya yi mini zafi kamar yadda ya yi maka. Amma maƙwabtanmu na Sabon Gari ba su suka yi zanen ba.

Shugaban Zaure: Jama'a a sassauta. Ba a kafirta kowa a zauren nan, ba a kuma jingina wa kowa ta'addanci. Wanda ya sake zan cire saƙonsa. A koma kan tambayar Baba Direba.

Tela Sabon Gari: Gafara dai. Ban cika magana a nan ba, yawancinku kun san ni Kirista ne. Tunda an ambaci ranar, bari in faɗi nawa. Da hayaƙi ya tashi, maƙwabcina Alhaji ne ya buɗe ƙofar baya ya shigar da matata da yarana cikin ɗakin matarsa, ya fito ya zauna a dakalin ƙofar gida da carbinsa har dare. Kwana biyu muka yi a gidansa. Wanda ya riƙo galan ɗin esansi da wanda ya ɓoye mu alƙibla ɗaya suke kallo. Na daɗe ina tunanin wannan. Na tambayi Alhaji daga baya, ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne, Annabi ya yi wasiyya da shi. Na yarda da shi. Amma wancan ma ya ji wannan wasiyyar a wa'azi, ba ta kama shi ba. Akwai wani abu da ke cikin Alhaji tun farko wanda wasiyyar ta samu ta zauna a kai.

A Littafinmu, wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 2, an ce al'umman da ba a ba su shari'a ba wani lokaci suna aikata abin da shari'a ke nema, domin a rubuce take a zukatansu, lamirinsu yana shaida. Kusan abin da Malam ya kira fiɗira ke nan.

Malam Na Birni: Allah ya saka wa Alhajin nan da alheri. Abin da aka yi muku ranar nan zalunci ne, na faɗa a lokacin, ina kuma maimaitawa.

Mushen Filo: Ɗan Zango, ƙanena, bari in yi maka tambayar da nake yi wa ɗalibai. Aflatun ya kawo labarin makiyayin da ya tsinci zoben da in ya juya shi ba mai ganinsa. Mu a nan sai mu ce layar zana. A ce an ba ka layar zana, kuma a ce, Allah ya kiyaye, an cire maka tunanin hisabi daga zuciya. Za ka shiga gidan maƙwabcinka ka yanka shi?

Ɗan Zango: Mushe, ba zan yanka kowa ba. Amma tunda gaskiya ake so, bari in faɗa maka abin da zan yi. Bara na ɗauki wata mata a kabu-kabu daga tasha zuwa Birni da dare. Da na koma gida na ga ƙullin zane a maƙale a bayan babur, jaka 200 cif. Ba ta san sunana ba, ba ta ga fuskata ba, akwai rawani a kaina saboda sanyi. A ranar ana bina kuɗin haya wata uku, matata na da ciki, babur ɗin ma ba nawa ba ne. Na kwana da kuɗin nan ƙarƙashin matashi. Duk hujjojin da ka lissafa, cikinta irin nawa ne, gari ba ya zama sai da amana, wallahi sun zo mini, kuma duk na ba su amsa. Na ce wadda ke yawo da jaka 200 tana da wasu. Na ce gari ba zai rushe don ni kaɗai ba. Abu ɗaya ne na kasa ba shi amsa: za a tsayar da ni a tambaye ni. Da asuba na koma lungun ina tambaya gida gida. Ashe kuɗin aikin da za a yi wa mijinta a asibiti ne, dangi suka harhaɗa.

Shi ya sa nake magana da zafi. Ban san zuciyar likitar Baba ba. Tawa na sani. Ni in ka cire mini Allah, kuɗin nan ba su komawa.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya yi maka albarka ɗana. Ka sa ni hawaye.

Mushen Filo: Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan, kuma gobe zan karanta wa ɗalibaina shi in ka yarda, ba tare da suna ba. Abu ɗaya kawai: ka ce hujjojin sun zo maka tun kafin tunanin hisabi. Ashe ka riga ka san abin da ke daidai. Tsoron Allah ƙarfin aikatawa ya ba ka. Wataƙila tambayar ɗan Baba Direba a nan ta rabu: sanin daidai daban, iya tsayawa a kansa ranar da ya yi tsada daban.

Malam Na Birni: Labarinka ya tuna mini da ƴar mai nono a zamanin Sayyidina Umar. Uwar ta ce ta zuba ruwa a madara, ai Umar ba ya ganinsu. Yarinyar ta ce in Umar ba ya gani, Ubangijin Umar yana gani. Umar na bayan bango yana ji, ya aurar da ita ga ɗansa Asim, daga zuriyarta aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. Wannan shi ne abin da mumini ke da shi wanda mulhidi ba shi da shi, Mushe, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sannan akwai na biyu. Wanda aka zalunta ya mutu ba a bi masa haƙƙi ba, mu muna da ranar da za a bi masa. A wurinsu azzalumin da ya mutu a kan gadonsa ya ci bulus.

Ƴar Jami'a: Baba Malam, ina da abin da ke damuna a nan. In sanin daidai a bayyane yake ga masu addini, me ya sa aka daɗe ana sayar da mutane a garin nan? Damagaram ta ƙarni na 19 da cinikin bayi ta yi wani ɓangare na arzikinta, ana kai su arewa ta hamada, kuma malamai na nan. Sai 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa. A 2008 Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12, sai da ta kai ƙara kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kafin a ce ƙasa ta gaza kare ta, aka ba ta diyyar miliyan 10 na sefa. Yau ba ɗayanmu da zai yarda a sayar da ɗan Adam. Nassin bai canza ba. Me ya canza?

Malam Na Birni: Tambaya mai nauyi, ba zan yi miki ƙwauron gaskiya ba. Shari'a ta tarar da bauta, ta ƙuntata hanyoyin shigarta, ta sa ƴanta bawa ya zama kaffara da ibada. Kama ɗa Musulmi a sayar kuwa haramun ne tun asali, Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu a kan haka tun farkon ƙarni na 17, amma sarakuna da fatake suka toshe kunne. Duk da haka na yarda, akwai abin da idon mutane ya buɗe a kansa a hankali, kuma cikin waɗanda suka taimaka ya buɗe akwai waɗanda ba namu ba. Hikima kayan mumini ce da ya ɓace, inda ya gan ta ya ɗauka. Abin da nake tsoro shi ne a ce tunda fahimta tana canzawa, to babu ma'auni sai abin da zamani ya so. Wanda ya ce bauta zalunci ce tun ranar da ake yin ta, ba yau ta zama zalunci ba, ya riga ya yarda akwai ma'aunin da ya fi ƙarfin zamani. Ni na san sunan mai ma'aunin. Mulhidi sai ya faɗa mana inda nasa yake rataye.

Mushen Filo: A nan kam ni da Malam muna tare, sai dai na san masanan da za su ce masa ma'aunin yana rataye a jikin wanda aka ɗaure, a zafin da yake ji. Ko wannan ya isa, shi ne abin da ban gama warwarewa ba, shekara 15 ina koyar da shi.

Direban Magarya: Na karanta duka, Allah ya saka. Maganar Mushe ta ƙarshe ta tuno mini abin da ban faɗa ba. Yaron Bafulatanar nan bai yi rai ba, a dare na uku ya cika. Uwar ta yi salati, ta ce Allah ya ba da, Allah ya karɓa, ta goya shi a baya kamar mai barci aka kai su. Da na zagaya bayan mota in ɗauko buta, sai na iske likitar a tsugune tana kuka kamar ita ta haife shi. Na ce Madam, haƙuri, ya tafi inda ya fi nan. Ta ce mini ita da ta yarda da haka da ta samu barci. Ta ce a wurin uwarsa yaron ya koma wani wuri, a wurinta kuwa wata goma sha huɗun nan su ne duk abin da zai taɓa samu, babu wani wurin da za a rama masa. Ta ce shi ya sa ba ta iya tafiya gida ƙarfe shida.

Ni a ranar na ji tausayinta fiye da uwar.

Ɗan Zango: Baba, na janye maganar albashi. Allah ya yafe mini.

Direban Magarya: Amin ɗana. Na miƙa wa yaron wayar ya karanta da kansa tun daga sama. Ya ce in tambayi Malam, ya halatta mutum ya yi wa irin wannan mata addu'a? Tana raye, takan aiko mini da gaisuwa duk ƙaramar salla.

Malam Na Birni: Ya halatta a roƙa mata shiriya da lafiya muddin tana raye. Da aka ce wa Annabi ya yi wa ƙabilar Dausu mummunar addu'a saboda sun ƙi, cewa ya yi Allah ya shiryi Dausu ya zo da su. Ka kuma amsa gaisuwarta da wadda ta fi ta. Ka turo mini yaron ranar Alhamis bayan la'asar, ya zo da littafinsa na filo. Mushe, in kana da sarari kai ma ka zo, ina so ka karanta mini maganar Hume ɗin nan daga bakinsa, ban taɓa jin ta ba sai yau.

Mushen Filo: In sha Allah, Allah gafarta. Da Faransanci take a wurina, zan fassara kafin Alhamis.